Kajin da Na Mayar Gaffati

Kun sha ji ana cewa na kori yayata daga ƙofar gidana da kayanta a kan amalanke. Waɗansunku a Gaffati suka ji, waɗansu a nan unguwar Zango wajen biki ko suna, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya dawo gida ya yi gum, ba ya tambayata. To, ga yadda abin ya faru daga bakin wadda aka yi da ita. Ba wanke kaina nake son yi ba, don ban ɗauki abin da na yi laifi ba. So nake in ta Allah ta kasance a kaina ku riƙe labarin cikakke, ba guntun da ake yawo da shi ba.

Yaya Tsahara, wadda kuke kira Inna ta Gaffati, ita ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, Yaya kuwa tana amarya, ta ɗauke ni ta kai ɗakinta, ban bar hannunta ba sai ranar da aka kawo ni Damagaram gidan babanku. Sana'ar da kuka tashi kuka same ni a cikinta ma ita ta ɗora ni a kai. Da ta zo ganin ɗakina ta tarar ba na komai, ta ce ba ta raine ni don in zauna ina jiran a miƙo mini kuɗin sabulu ba. Tana komawa ta aiko mini da kwandon kaji, ta ce in soya in kai tasha, in na sayar ma yi magana. Daga nan abin ya zauna. Ita ke bi gida gida a ƙauyensu tana tara kaji da zabi daga hannun mata, ta haɗa da nata ta aiko, ni kuma in sa a yanka, in fige, in soya, in zauna a bakin tasha inda motocin Maradi da na Agadas ke lodi. Ku da kuka tashi a birni ba ku san matsayin kaza a wurin macen ƙauye ba. Gero na maigida ne, sa na maigida ne, amma kaza tata ce. Yaro ya yi zazzaɓi, gishiri ya ƙare, an yi haihuwa a dangi, sai ta kama ɗaya ta sayar, ba ta tambayi kowa ba. Matan ƙauyen Yaya da yawa da tirena suke rufa wa kansu asiri, ko da yake waɗansunsu ba su taɓa ganin fuskata ba.

Babanku kuma, Allah Ya jiƙansa, mahauci ne ɗan mahauci. Yankansa a abatuwa, mayankar gwamnati, yake yi, kuma nama ba ya barin wurin sai likitan dabbobi ya duba huhu da hanta ya buga masa shuɗin tambari a cinya. Yakan yi mitar likitan a gida, musamman ran da aka riƙe masa hanta aka ce tana da tsutsa, amma ban taɓa ganin ya shigo da naman da ba tambari ba. Ya ce teburinsa a kasuwa ba katako ba ne ke riƙe da shi, wannan shuɗin ne. Gidanmu dai gidan kasuwa biyu ne. In naman tunkiya ya yi tsada mutane su gangaro wajen kaza, in kaza ta hau su koma wajensa. Yana mini ba'a wai ya auro abokiyar gasarsa ya ajiye a ɗaka yana ciyar da ita.

Shekarar da nake ba ku labari ta biyo bayan wata damina da ta yi gardama, fara kuma ta gama da ɗan abin da ya tsira. Mutanen ƙauye ba su gama miƙewa ba sai ga labarin murar tsuntsaye. Da fari a rediyo muke ji, can nesa, daga baya aka ce ta ɓulla kudu da mu, wajen iyaka. Aka ce tana kashe kaji garke guda, kuma tana iya kama mutum. Ba a jima ba hukuma ta ba da sanarwa: an hana ɗaukar kaji daga gari zuwa gari, an hana sayar da su da rai ko a yanke, an rufe layin ƴan kaji a kasuwa. Jandarmomi a shingen shiga gari suka fara leƙa kayan mutane. Kafin ma dokar ta iso tasha tsoro ya riga ta zuwa. Direban da ya yi shekara da shekaru yana cin kazata ya wuce ni yana kau da kai kamar na taɓa zaginsa. Ƙwai ma mutane suka daina taɓawa, masu shayi suka ɓoye nasu. Na wanke kaskona na kife, na dawo gida na zauna.

A daidai wannan lokaci kasuwar babanku ta buɗe irin buɗewar da bai taɓa gani ba. Duk mai son romo ya koma teburin mahauta. Kafin azahar ya sayar da komai har ƙashi, ya dawo gida da wuri yana fara'a, sai ya gan ni zaune a tsakar gida ya haɗiye fara'ar. Mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini gori ba, ya ma ƙara kuɗin cefane ba tare da na roƙa ba. Amma ni da na saba ɗinka muku kayan lakwal, na zuwa makaranta, da hannuna, zaman ya yi mini nauyi. Akwai wata abokiyar zamana a tasha, Zuwaira, ita ba ta daina ba. Tana soyawa a gida, ta yayyanka ƙanana ta zuba yaji, ta aika wa waɗanda ta yarda da su a rufe. Ta zo har ɗakina ta ce in shigo mu yi tare, kaji sun zama kamar kyauta a ƙauye, wanda ya yi ƙarfin hali yanzu shi zai gina gida. Na ce mata ta je, na gode.

Wata ranar Alhamis da hantsi, babanku yana kasuwa, aka yi sallama. Na fito zaure na ga amalanken jaki shaƙe da harawa, mai amalanken yana gefe yana share gumi, Yaya Tsahara kuma tana tsaye tana kallon hanya hagu da dama. Tun kafin mu gama gaisawa na ji motsi a ƙarƙashin harawar. Ta ɗaga gefe ɗaya ta nuna mini. Kwanduna ne, an lulluɓe su da tsofaffin zannuwa don kajin su yi shiru. Ta ce ta biyo ta bayan gari ne, ta hanyar masu itace, ba wanda ya tsayar da su. Rabin kajin nata ne, rabin na matan unguwarsu. Ta ce rumbunsu ya kai ƙasa, abin da mutum zai ci ma babu balle tsabar da za a watsa wa kaza, kuma kowace safiya kajin ramewa suke. Matan suka ce mata ai kina da ƙanwa a birni, ba za ta bari mu wulaƙanta ba.

Na sa hannu na zaro ɗaya. Na duba zankonta, na buɗe baki, na shafa ƙirji, na kalli ido. Na zaro wata, na sake zaro wata. Ba zan ɓoye muku ba, a iya sanina lafiyarsu ƙalau, in ban da rama. Yaya tana kallona, ta ga abin da na gani.

"Kin gani da idonki, Barira," in ji ta. "Akwai mai mura a ciki?"

Na ce ban ga alama ba.

"To, buɗe mana ƙofa mu shigar, rana tana yi."

Na tsaya riƙe da kazar. Abin da ya zo mini a rai a lokacin zan faɗa muku, ba wanda na tsara daga baya ba. Na farko, cutar nan ban san ta ba. Na san farin kashi, na san ciwon da ke sa kaza gyangyaɗi, amma wannan sabuwa ce, kuma an ce kaza takan ɗauke ta kafin ta nuna. Idona da nake taƙama da shi bai taɓa ganinta ba, to da me zan rantse? Na biyu, masu cin kazata matafiya ne. Mutum ya saya a hannuna ya ci a mota, ya kai sauran wa ƴaƴansa a wani gari. In wani abu ya same su ba zan ma ji ba. Na uku, ku kuna ƙanana, a tsakar gidan nan kuke rarrafe da wasa, a nan kuma za a yanka a fige. Sannan ga babanku. In aka kama kajin ɓoye a gidan mahauci, ba tara kaɗai ba ce, likitan da ke buga masa tambari ba zai sake kallonsa da idon da ba, masu saye kuma za su ce wanda ya ɓoye kaza me zai hana shi ɓoye mushe. Mutane suna cewa wai babanku ne ya hana ni. Ba ya nan, bai ma sani ba sai da yamma. Ni ce na yanke, ni kaɗai.

Na mayar da kazar cikin kwando na ce, "Yaya, ki shigo ki sha ruwa ki huta. Amma kajin nan ba za su shiga gidan nan ba, kuma ba zan soya su ba."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ba mai ɗaga murya ba ce. Ta tambaye ni ko na san da bakin da za ta koma ta gaya wa matan nan, na ce ban sani ba. Ta ce ko na manta kwandon farko, na ce ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Na roƙe ta ta mayar da su gida ta killace, in aika mata da dusa da gero daga nan har Allah Ya kawo ƙarshen abin. Sai kuma na kawo shawarar da a ganina taimako ce. Na san tana da akuya, uwar garke, mai haihuwar tagwaye. Na ce tun da nama yana tsada a birni, ta kawo akuyar babanku ya saya da darajar birni, ba ta ƙauye ba, kuɗin zai riƙe su har a buɗe kasuwa. Yaya ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kin ƙi kajina," ta ce, "yanzu kuma akuyata kike so wa mijinki."

Ta gyara harawar da hannunta, ta ce wa mai amalanke ya juya. Ruwan ma ba ta sha ba. Na bi ta har bakin titi ina magana, ba ta waiwayo ba. Wannan ita ce korar da ake faɗa.

Abin da ya biyo baya daga bakin mai amalanken na ji shi. Ba su kai gida da kajin ba. A bayan gari suka haɗu da wani mutum a kan moto, wato babur, irin waɗanda suka tashi a shekarar suna bin ƙauyuka suna kwashe kaji a hannun masu tsoro. Ya taya su tayin wulaƙanci, Yaya ta sallama, don ta ce ba za ta shiga gari da kaya kamar yadda ta fita da su ba. Kajin nan dai birnin suka dawo, aka fige su a wani gida, aka ci. Akuyar ma ba ta kai damina ba. Ta kai ta kasuwar ƙauye ta sayar wa wani dillali, a lokacin da kowace mace ta fito da tata akuyar saboda ba ta da kazar sayarwa, daraja ta faɗi warwas. Dillalai suka kwaso awakin zuwa birni inda nama ke tsada. Wa ya sani, wataƙila ma a teburin babanku ta ƙare. Geron da na aika ta dawo da shi. Na biyu babanku ne ya kai da kansa ya ba mijinta a gona, suka rufe maganar a tsakaninsu, ita tana ci tana zaton bashi ya ciwo.

Ina so ku fahimci ra'ayina a kan dokar nan, don na daɗe ina juya ta. Ban ce a bar cuta ta yi yawo ba. Da ni ce mai mulki, da ni ma na rufe kasuwar. Amma na ga inda nauyinta ya sauka. Waɗanda aka kashe wa kaji a garuruwan da cutar ta shiga, an ce an ba su wani abu. Wadda kajinta ke da lafiya, aka hana ta sayarwa, ta ci gaba da ciyar da su da abin da ba ta da shi, ita ba wanda ya rubuta sunanta. Mahauci ya samu, dillali ya samu, mai moto ya samu. Macen ƙauye ta rasa kaza, ta bi da akuya. A cikin gidana na ga riba tana shigowa ta ƙofar da asarar ƴar'uwata ta fita, kuma da wannan ribar aka ciyar da ku. Babanku ya san haka. Shi ya sa a shekarar bai yi sabuwar riga ba ko da sallah.

Ni kuwa ban ci gaba da zama ba. Na ce wa babanku ya riƙa ware mini cinya da haƙarƙari daga yankansa, in biya shi kamar kowa. Na juyo kaskona na koma tasha da soyayyen naman tunkiya da dambu. Ranar farko na bar fatar da tambarin yake a kai a gefen tire, kowa ya gani. Direbobi suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Zuwaira kuma an kama ta, wata maƙwabciya ce ta kai ƙara saboda warin gashin da take ƙonawa. Tarar ba ta kashe ta ba, abin da ya kashe sana'arta shi ne sunan da ya bi ta. Ko bayan an buɗe kasuwa, mutane suna zuwa tasha suna tambaya wace ce mai kajin ɓoye, don su kauce mata.

Da aka ɗage hanin, kasuwar ba ta dawo yadda take ba. Masu kula da tsabta suka ce duk mai sayar da dafaffen abinci sai ta je likita an duba ta an ba ta karne, takardar shaidar lafiya, sai ta sa nama a akwatin gilashi, sai ta daina yanka a inda take soyawa. Ni na iya, don ina da ɗan abin da naman tunkiya ya tara mini. Da yawa cikin matan da muke zama tare ba su iya ba, jarinsu ya narke a watannin zama, gilashin kaɗai ya fi ƙarfinsu. Waɗansu suka koma talla a lunguna inda ba mai tambayar karne, waɗansu suka bari. Sai kuma ga kajin firigo, daskararru, sun fara shigowa a kwali, manya, farare, masu araha, gidajen abinci suka koma kansu. Aka ba ni shawara in bi, na ƙi. Na ce mai son kazar da ta yi kiwo a bayan rumbu ya san inda nake, kuma sun sani. Akwatin gilashin nan, in faɗa muku gaskiya, ya amfane ni. Ƙuda ya daina sauka, nama ya daina komawa gida, ma'aikata masu albashi da da ba sa tsayawa suka fara aiko direbobinsu. Rumfar da kuka sani daga nan ta samo asali. Masu cewa na yi arziki da wahalar mutane ba su yi ƙarya duka ba, wurin da waɗansu suka bari ne na faɗaɗa a ciki. Amma ban ture kowa ba.

Da ƙafata na koma ƙauyen Yaya neman kaji. Gidaje da yawa ko zakara babu. Na sayi ƴan dakwale a kasuwar Mirya na rarraba wa mata kiwo, in sun yi ƴaƴa mu raba, kuma ni zan sayi nasu rabon. Matan da kajinsu ke cikin amalanken nan ma sun karɓa, wata da guna-guni, wata da godiya. Yaya ce kaɗai ta ƙi. Ta tara nata da kanta, a hankali, ta riƙa ba wani ɗan kasuwa yana kai wa Takeita, ko da yake na fi shi saye da daraja. Cutar kuwa ba ta taɓa shiga ƙauyensu ba, ko kaza ɗaya ba ta mutu ba, kuma ba ta bar ni na manta da haka ba. Shekaru muka yi sai gaisuwa a wajen taro. Ba ta sake taka gidan nan ba sai rasuwar babanku. Ta zo ta zauna tare da ni har aka share makoki, ita ke karɓar gaisuwa in na gaji, amma maganar kaji ba mu taɓa ta ba.

Bara na je suna a gidan ɗanta. Mata sun cika tsakar gida ana fige kajin suna, sai hira ta gangaro kan waccan shekara. Yaya, da yanzu sai da sanda take tashi, ta ɗauko labarin tun daga harawa har mai moto, ina zaune a gefenta a tabarma ɗaya. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Wata yarinya cikin surukan gidan, wadda ba ta daɗe da zuwa ba, ta juyo ta tambaye ni ko da gaske ne. Na ce da gaske ne, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi. Yarinyar ta taɓe baki ta ce ita kam ba ta ga abin da zai sa mutum ya zaɓi dokar gwamnati a kan wadda ta raine shi ba, mutanen birni sai a bar su. Ina shirin ba ta amsa, Yaya ta buga sandarta a ƙasa.

"Ke, fige kazarki," ta ce mata. "Yaushe aka haife ki? Yarinyar nan ni na raine ta, ni na koya mata in ta ce a'a ta tsaya a kai. A kaina ta gwada, shi ne ya yi mini ciwo. In za a zage ta ni zan zaga, ba ke ba."

Ta juyo wajena, fuskarta a ɗaure, ta ce kajinta dai lafiyarsu ƙalau. Na ce na sani, Yaya. Ta ce to, in miƙo mata butar can, la'asar ta yi.